Ciyawar Bakin Gona

Yorang, Lahaul
21 ga Agusta, 1986

Zuwa ga 'yata Yudon,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata jiki ya fara dawowa, mijinki Rigzin yana lafiya, baƙuwar da ta sauka kuma tana shan nono tana barci. Mu nan lafiya lau. Ama, mahaifiyarki, gwiwarta ce kawai, kin san ta da sanyin safe.

Kafin komai, dubi rubutun nan da kyau. Ba na Malam Hira Lal da ya saba rubuta mini ba ne, nawa ne. Shekara biyu ina zuwa ajin manya da yamma, ina zama a bencin da yara suka ɗumama da rana, yau ga amfaninsa. Ranar da takardar Rigzin ta zo ina bakin magudana ina juya ruwa. Na karanta "mace ce" sau uku, na bar ruwa ya bi inda ya ga dama, na shiga gari da takalmi ɗaya. Ama ta ce, "Tsoho, ina ɗayan?" Na ce, "Daga yau sunana Meme. Kaka ba ya neman takalmi." Mun kunna fitilar man shanu a ɗakin ibada, Lama, malamin addininmu, ya ba da suna, Diskit. In kun riga kun sa mata wani, ku haɗa mata biyu, ba za su yi mata nauyi ba.

Na faɗa a gaban mutane cewa gonar hof, kurangar nan da muke sayar wa masu yin giya furenta, ta Diskit ce, layi goma sha huɗu da dirkokinsu da wayarsu. Amma gonar nan ce ta hana ni sakewa ko a cikin murna. Tsutsar bara ta dawo. Tun farkon Yuni, da kurangar ta kama igiya ta kai ƙugun mutum, sai ki ga kan toho ya sunkuya kamar yaron da aka yi wa faɗa, kwana biyu ya bushe. In kin tsaga shi da farce ga ta nan a ciki, tsawon gaɓar yatsa, jikinta ja-ja, kanta ruwan ƙasa. Daga baya takan gangara ta cikin kara har tushe. Na fesa magani sau biyu. Yaya magani zai sami wanda ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa? Furen da za mu tsinka bana ba zai kai rabin na da ba.

Tobdan, wanda gonarsa ke ƙasan tawa, ya ga 'yan kaɗan a tasa. Ya kai magana taron gari, wai tsutsar a cikin saiwata take zaune, ruwan da ya ratsa gonata ne ke kai masa ita. Na ce, "Tobdan, tsutsa ba kifi ba ce." Ya ce, "To kai da ka yi boko da furfura, karanta mana inda take fitowa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Dattawa sun yanke cewa in ta sake fitowa a gonata baɗi, zan tuge layukan duka in shuka dankali. Gida tara ke noman hof yanzu, kowa a tsorace yake, ban ga laifinsu ba. Amma tushen hof sai ya shekara uku kafin ya ba da abin kirki, ni kuwa shekarata sittin da huɗu.

Ke ce kike karatun ƙwari a Palampur. Na sa uku a kwalbar tawada da ɗan barasa, na ba direban motar kaya ya kawo miki. Ki dube su ki gaya mini wace ce, daga ina take. Ki kuma gaya mini hancin wa yarinyar ta ɗauko, namu ko na dangin Rigzin.

Mahaifinki,
Meme Angrup


Palampur
10 ga Satumba, 1986

Aba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Ama, a riƙa ɗaura mata ulu a gwiwar. Mu uku lafiya. Da na ga rubutunka sai da na yi kuka, har Rigzin ya zaci rasuwa aka yi. Sunan ya zauna, Diskit muke kiranta. Hancinka ne, Aba, ba yadda muka iya. Tana da gashi kamar ɗan tinkiya, in ta yi kuka kuma maƙwabta suna sani.

Kwalbar ta iso. Tsutsar ba a saiwarka take kwana ba, ruwa kuma ba ya ɗaukar ta. Uwarta ƙwaro ne mai fuka-fuki, irin waɗanda ke zuwa fitila a ƙarshen Agusta. Ba a jikin hof take yin ƙwai ba. A doguwar ciyawar bakin gona da gefen magudana take yi, can ƙasa-ƙasa, tana cusa su tsakanin ganye da kara inda ido ba ya kaiwa. A nan ƙwan yake shafe hunturu, sanyi ba ya kashe shi. Da ƙasa ta ɗumama sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fara da ciyawa, in ta yi musu kaɗan su rarrafa zuwa tohon da ya fi kusa. Ka duba, za ka ga layukan gefe sun fi shan wahala.

Don haka ka yanke ciyawar nan duka kafin ƙanƙara ta sauka, har ƙasa, taku goma ta kowane gefe, ka fitar da ita daga gonar gaba ɗaya. Kada ka bar ko dami ɗaya a wurin.

Aiki ne mai yawa, Aba. In ka ga gonar ta fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne.

'Yarka,
Yudon


Yorang
12 ga Oktoba, 1986

Yudon,

Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Maganar hancin nan na karanta wa duk wanda ya tsaya. Har wanda bai tsaya ba na bi shi da ita.

Gaskiyarki, layukan gefe ne suka fi lalacewa, na je na duba. Kwana tara ni da Ama muna durƙushe da lauje. Da can akan bar kututture kamar tsawon tafin hannu, bana har ƙasa muka share, taku goma da ƙafata. Tobdan ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Angrup, aski kake yi wa gonar?" Na ce, "Likita ce ta ce." Ya ce, "Wace likita?" Na ce, "Wadda na haifa." Ya ce to in an gama a shafa mata mai.

Kin ce a fitar da ita daga gona, na fitar. Dami arba'in da biyu, mun shanya su, mun jera su a kan rufin gida tare da sauran ciyawar hunturu. Daga gona zuwa rufinmu taku ɗari biyu da talatin ne, na auna. Ban taɓa samun ciyawa mai yawa haka daga wurin ba. Saniyarmu Sermo za ta fita hunturun nan da ƙiba. Kin ga maganinki ya yi aiki biyu.

Layin ƙarshe na takardarki na karanta shi ya fi sau goma. Ban kai wa Malam ya bayyana mini ba, da kaina na gane shi. Tobdan ya faɗa a taro, ke kin faɗa a takarda, naki dai ya fi ladabi. Ama ta ce ba haka kike nufi ba. Na ce da ita, "Ke kika yi ajin yamma ko ni?" Ta ce, "Ni na haife ta ko kai?" A nan muka tsaya. Ni dai abin da na sani, na ɗauki dami arba'in da biyu a bayana na hau tsani da su, ban kira kowa ba.

Ga safa biyu Ama ta saƙa wa Diskit. Gizagizai sun fara taruwa a kan dutsen Rohtang, inda hanyarmu ta ratsa. In kina da magana ki yi sauri kafin hanya ta rufe.

Mahaifinki,
Angrup


Palampur
3 ga Nuwamba, 1986

Aba,

Muna lafiya. Diskit ta yi tari na kwana goma, ta warke, shi ya sa sai jiya na buɗe takardarka.

Ciyawar da ke kan rufin nan cike take da ƙwai. Da ka yanke har ƙasa, duk ƙwan da ke bakin gonar ka kwaso ka kai gida. Laifina ne. Na rubuta "ka fitar da ita" ina nufin a ƙone ta, na manta cewa a Yorang ba wanda zai ji an ce ciyawa ya tuna wuta. Shekara bakwai a ƙasan dutse sun sa na manta abin da na sani tun ina goye.

In za ka iya, ka ware damman nan ka ƙone. In ba za ka iya ba, ka fara ba Sermo su yanzu, ta cinye kafin Fabrairu, abin da ta rage a kwami kuma a sa masa wuta. Kada ko tsinke ɗaya ya koma gona.

Maganar ƙarfi kuwa, bayanka nake tausayi, ba gonar nake so ka bari ba.

An ce ƙanƙara ta fara zuba a sama. Yanzu zan kai wannan gidan waya da kaina.

Yudon


Yorang
18 ga Fabrairu, 1987

Yudon,

Ina gaishe ku. Mu dai muna raye, muna shan shayin gishiri muna kallon bango. Jirgi mai saukar ungulu zai zo gobe ya ɗauki matar da haihuwa ta yi wa gardama a ƙauyen ƙasa, ɗan'uwanta ya yarda ya jefa mini wannan a akwatin wasiƙu in sun sauka.

Wata huɗu ban ji daga gare ki ba. An ce buhunan wasiƙu suna jibge a wancan gefen dutse. Na san haka ne. Amma in na zauna sai in ce ko maganar da na yi miki ce ta yi zafi. Ko kuwa yarinyar ce ba lafiya kuke ɓoye mana. Ama ta ce in daina zagaye ɗaki, zan huda mata shimfiɗa. Ina fita in hau rufi in share ƙanƙara ko da an riga an share. Yanzu Diskit ta kai wata shida, ko? An ce a nan suke fara zama. Wa ke riƙe ta ta baya?

Ƙanƙarar bana ba mu ga irinta ba tun shekarar da aka haife ki. A watan jiya ta zamo daga gangaren da ke bayan gidan Tobdan ta tafi da rabin ciyawarsa zuwa kogi. Ba wanda ya ji rauni. Kwana uku ina jin shanunsa suna kuka, shi kuma bai zo ba, kin san wuyansa ba ya lanƙwasuwa. A na huɗu na ɗaure dami goma sha biyar na ciyawar bakin gonar nan na kai masa, don ita ce mai kyau, na ɓoye ta sai ƙarshen hunturu. Ya dube ni ya ce, "Wannan ba za ta sa in canza bakina a taro ba." Na ce, "Ba kai na kawo wa ba, shanunka sun fi ka hankali." Matarsa ta ba ni shayi.

Na kuma koya masa dabarata. Tun shekara uku da suka wuce, da sanyin Afrilu ya ƙone mini toho, nakan kwashe ragowar ciyawar da saniya ta bari a kwami in lulluɓe tushen hof da ita da zarar ƙanƙara ta narke. Toho yakan fito da wuri, sanyi bai taɓa shi. Ya ce zai gwada a layi biyu ya ga ko ƙarya nake.

Gonar tana ƙarƙashin ƙanƙara tsayin mutum, tsaf da ita, ba ciyawa ko ɗaya. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Mahaifinki,
Angrup


Yorang
4 ga Yuni, 1987

Yudon,

Muna lafiya. Na gode da hoton Diskit, yana jingine a gaban fitilar ibada, Ama ta hana ni yawo da shi a aljihu.

Hanya ta buɗe ranar Asabar. Takardunki uku suka zo rana ɗaya, ta Nuwamba da biyu na Maris. Na jera su na fara da ta farko, a tsaye. Ban gama ta ba sai da na zauna a ƙasa. Ama ta ce, "Yarinyar ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To mene ne?" Na ce, "Ni ne."

Tun tsakiyar Afrilu na lulluɓe tushen. Ragowar ba ta da yawa, tunda na ba Tobdan, layi shida na sama kawai ta isa. Takwas na ƙasa na bar su tsirara ina ta jin haushi. Na ruga gona da takardar a hannu na kwashe abin da ya rage, amma aikin gama ya gama. Toho ya fara sunkuyawa.

Kin ce laifinki ne. Ban yarda ba. Ke kin gaya mini ƙwai a jikin ciyawa yake, na karanta da idona, na kuma ɗauke ta a bayana na kai gida ina murna. Kwanyata ba ta taɓa haɗa ciyawar bakin gona da ciyawar kan rufi ba. Ta bakin gona abokiyar gaba ce, ta kan rufi kuwa abinci ce. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Shekara uku ina yin lulluɓin nan, shekara uku tsutsa tana ƙaruwa, ina zagin magani.

Na ɗauki littafin aikina na aji, na bi layi-layi ina yin zane ɗaya a kan kowane tohon da ya sunkuya. A layi shidan da na lulluɓe, ɗari biyu da goma sha ɗaya. A takwas ɗin da na bari, tara. Na ƙirga sau biyu. Na leƙa ta kan katanga gonar Tobdan, layi biyun da ya lulluɓe sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, sauran lafiya lau. Shi bai lura da wannan ba. Jiya ya ɗaga mini toho ɗaya daga nesa.

Taro ranar ƙarshen wata ne. Ba wanda ya san maganar nan sai ni da Ama. In na yi shiru, za su ce saiwa ce, in tuge duka. In na yi magana, sai in faɗa da bakina cewa ni na kai wa Tobdan tsutsa har gida, in kuma ce wa mutanen Yorang su ƙone ciyawa. Ama ta ce, "Ka ce musu su ƙone 'ya'yansu, zai fi sauƙi." Ta kuma tuna mini cewa rabin abincin Sermo daga bakin gonar nan yake fitowa. Ban manta ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Ki gaya mini abin da za a yi wa waɗanda suka riga suka shiga kara. Maganar da na yi miki a Oktoba kuma, ki ɗauka ba a koya mini rubutu ba a ranar.

Mahaifinki,
Angrup


Palampur
14 ga Yuni, 1987

Aba,

Muna lafiya. Diskit ta yi haƙora biyu, ta gwada su a kan takardarka.

Kada ka jira. Kowace safiya ka bi layukan, duk tohon da ya sunkuya ka yanke shi yatsa huɗu ƙasa da ramin, ka jefa a gwangwanin kananzir. Muddin tana sama, kurangar za ta fitar da wani reshe. In ta gangara tushe ne ba dabara. Kana da kamar mako biyu. Na san Ama ba za ta so kashe su ba, ka bar ta ta yi musu addu'a, kai ka yi yanka.

Na nuna wa malamina lissafinka. Ya tambaye ni wace makaranta ka yi. Na ce ta yamma. Ya ce a littattafanmu ba inda aka rubuta cewa ƙwan yana hawa rufi ya sauko, yana so ka aiko da shafin in ka gama da shi.

Maganar taro ba zan ce maka yi ko bari ba. Ni ba ni zan sha hunturu a Yorang babu nono ba. Abin da na sani kawai, in ba a ƙone ciyawar ba, ko ka tuge taka, baɗi a gonar wani tsutsar za ta fito.

'Yarka,
Yudon


Yorang
5 ga Yuli, 1987

Yudon,

Lafiya lau muke, da fatan haƙoran ba su sa ta zazzaɓi ba.

Na yi yankan. Ina gaba da wuƙa, Ama tana baya da carbinta tana roƙa wa kowace tsutsa haihuwa mai kyau nan gaba. Na ce ki roƙa musu a haife su nesa da nan. A layukan sama na makara, da yawa sun riga sun gangara.

An yi taro a farfajiyar Tsewang, tunda shi ne babba. Tobdan ya zo da tohon da ya bushe cike da hularsa, ya zazzage a tsakiya ya koma ya zauna. Tsewang ya ce, "Angrup, ka ga dai. Akwai magana?" Har lokacin ban san abin da zan yi ba. Sai na ji kaina ina cewa akwai.

Na fito da takardarki ta Satumba da ta Nuwamba. Malam Hira Lal ya miƙo hannu zai karanta, na ce a'a. Na karanta da kaina, a tsaye, na yi tuntuɓe wuri uku, ba wanda ya yi dariya. Sannan na buɗe littafin aji na zagaya da shi, don zane ba ya bukatar boko, kowa ya ga shafi ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya kusan fari. Na ce da Tobdan, "Waɗannan na cikin hularka, daga wane layi ka tsinko su?" Matarsa ce ta amsa daga baya, ta ce, "Daga biyun da ya lulluɓe." Ya juya ya harare ta. Ta ce, "To ƙarya zan yi?"

Ya ce da ni, "Wato kyautar da ka kawo mini da tsutsa a ciki." Na ce, "Da ita. A bayana na goyo ta." Ya ce, "Ka kuma koya mini yadda zan shimfiɗa mata gado." Na ce, "Na koya maka."

Da na zo wurin ƙonewa ne wuri ya rikice. Wata ta ce, "Shanu kuma su ci me, takardar 'yarka?" Wani ya ce kakansa ya rasa yatsu biyu wajen tono dami ɗaya daga ƙanƙara. Wani ya ce 'yan boko ba su taɓa jin kukan saniya a watan Maris ba. Na ce ke kin ji, a ɗakin da ke saman turke aka haife ki. Aka daɗe ana yi.

A ƙarshe Tsewang ya buga sandarsa. Ya ce, "Maganar dattawa ba ta faɗuwa ƙasa. Tsutsa ta fito, sai an tuge. Layi shida na sama za su tafi. Takwas ɗin mun ba su shekara ɗaya, in Angrup ya ƙone ciyawar bakin gonarsa da kaka, duka, a gaban kowa. Ba mu tilasta wa wani ba. Wanda ya kawo magani shi zai fara sha." Na ga yadda suke kallon juna. Ba wanda ya yarda zan iya.

Muka kama hanyar gida ni da Ama. Da muka iso ta wuce turke kai tsaye, ta daɗe a wurin Sermo.

Ina ta lissafi ta kowace fuska, ciyawar gangare ita kaɗai ba za ta kai saniya Afrilu ba. Ki gaya wa Diskit gonarta ta ragu, amma tana nan.

Mahaifinki,
Angrup


Yorang
29 ga Satumba, 1987

Yudon,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Mun gama tsinkar fure. Layi takwas ɗin sun ba da abin da ba za a ji kunyarsa ba. Shidan kuwa na tuge su da kaina, kwana huɗu. Wani tushen ya kai cinyata kauri, na tsaga na ga cikinsa duk rami.

Sermo ta tafi. Na kai ta gidan ƙanin Ama a kwarin Miyar, tafiyar kwana biyu, yana da ciyawa. Ya ce in na so ta dawo, ta dawo. Mu biyu mun san ba haka ba ne. Ama ta ɗaura mata jan zare a ƙaho, ta shiga ɗaki kafin mu fita. Har yau in ta dama shayi ba man shanu sai ta ajiye mini ƙoƙon da ɗan ƙarfi.

Shekaranjiya da hantsi na yi ƙunar. Dami talatin da tara, na tara su a kan tsakuwar bakin kogi. Gari duka ya fito ya tsaya a kan gangare kamar gawa za a ƙone. Ashana uku na lalata. Ba zan ɓoye miki ba, da ta kama sai na ji ƙanshin, irin wanda ke tashi in an kwance dami a tsakiyar hunturu, na juya baya. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan mutum ya haukace," ta faɗa a hankali, ba da zagi ba.

Wutar ta kai rabi sai na ga mutane suna darewa. Tobdan ne, da dami biyu a bayansa. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya jefa su ciki, ya kakkaɓe kafaɗa. Na ce, "Tobdan, kai ba a sa ka ba." Ya ce, "Wa ya ce don kai na zo? Sanyi nake ji." Ya miƙa hannu yana jin ɗumi, rana tsaka. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Taku nawa 'yar taka ta ce?" Na ce goma. Ya ce, "Goma da ƙafarka ko da ƙafar mutane?" Na ce ya auna da tasa ya ƙara biyu. Ya koma ya ɗauko saura. Sau bakwai ya sauko.

Sauran gida bakwai ba su motsa ba, suna jiran Yuni su ga ko tsutsa za ta dawo. Ni ma ita nake jira, ban san yadda zan kai ba. Shafin lissafin yana cikin wannan takarda, ki ba malaminki, ki ce ya yi haƙuri da man da ya ɗiga a kai. Na ja layi a sabon shafi don lissafin baɗi, takwas nawa, goma sha ɗaya na Tobdan. Shi ya ce in haɗa da nasa, wai don kada in yi maguɗi.

Mahaifinki,
Meme Angrup